SHARHI: Tawadar Allah tsakanin leza da aska: Matakin da birni da Tabanni ke tsallakewa

Duk wanda ke leƙa TikTok ko Instagram a 'yan shekarun nan ya saba cin karo da wani irin bidiyo. Mace ce kwance a kan gado mai farin zane, an rufe mata idanu, wata ma'aikaciya riƙe da na'ura mai kama da alƙalami tana bin baƙaƙen ɗigon da ke fuskarta ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai a nuna hoton kafin aiki da na bayan aiki, a rubuta lambar waya a ƙasa. A da, daga Legas da Abuja ake ganin irin wannan talla. Yanzu ta shigo harshen Hausa, ta kuma samu gindin zama a harkar gyaran jikin amare, kusa da dilka da halawa da lalle.

Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa wannan da Tabanni, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari a Jihar Kaduna, yankin da ya shafe shekaru zuwa gona ma sai an yi shahada. Abin da ya haɗa su abu ɗaya ne. A wuraren biyu ana taɓa tabon fata ba tare da wanda ya san aikin ya fara duba shi ba. A birni ana ƙone tabon da haske, a ƙauye ana yanke shi da aska ko a ƙyale shi har ya zama gyambo. Mai kuɗi da talaka sun rabu a komai, amma sun haɗu a wannan giɓi, kuma giɓin na gwamnati ne.

Yadda leza ke aiki

Leza haske ne mai launi guda da aka tattara ƙarfinsa wuri ɗaya. An ƙera na'urarta ta farko a Amurka a 1960, kuma ba a jima ba likitocin fata suka fara gwada ta. Amma sai a 1983 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Rox Anderson da John Parrish, suka fito da ƙa'idar da ake bi har yau. Sun nuna cewa idan aka zaɓi hasken da wani sinadari na jiki ke zuƙa, aka kuma harba shi cikin ɗan lokaci ƙanƙani, zafin zai lalata abin da aka nufa kawai, ya bar naman da ke gefensa.

A wajen baƙin tabo, abin da ake nufa shi ne melanin, sinadarin da ke ba fata launi. Hasken yana farfasa shi, jiki kuma ya kwashe ɓurɓushin a hankali cikin makonni. Akwai wata lezar mai amfani da iskar kabon, wadda ke ƙone tsiron da ya yi tudu a kan fata har ya baje. Da waɗannan ake cire ɗigo-ɗigon fuska, da tsiron nama da ke fitowa a wuya da hammata, da ƙananan baƙaƙen ƙuraje marasa ciwo da ke yawaita a kumatun baƙar fata idan shekaru suka ja. Mafi yawan waɗannan ba cuta ba ne. A hannun ƙwararren likita, cire su aiki ne na mintoci, kuma ba laifi ba ne mutum ya so fuskarsa ta yi kyau.

Sai dai akwai matsaloli biyu da masu talla ba sa faɗa. Ta farko ta shafi launinmu. An fara ƙera waɗannan na'urori da gwada su ne a kan farar fata, inda tabo baƙi ne, kewayensa fari, don haka hasken bai da wahalar gane abin da zai kama. A baƙar fata, melanin yana ko'ina. Idan aka yi amfani da na'urar da ba ta dace ba, ko aka ƙara mata ƙarfi fiye da kima, lafiyayyar fatar ma za ta zuƙi hasken ta ƙone. Abin da ke biyo baya shi ne tabon da ya fi na farko duhu, ko farin tabo mai kama da ƙuna, ko kuma tabon nan mai kumburi da ke ci gaba da girma, wanda ya fi samun baƙar fata. Shi ya sa likitoci suka fi amincewa da leza mai tsawon zango 1064 ga irin fatarmu, domin ta fi nutsawa ciki ba tare da ta tsaya a sama ba.

Haɗarin yana ninkuwa idan fatar ta sha man bilicin. Yawancin mayukan da ake haɗawa a kasuwa suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi da ke sa fata ta yi sirara, ta kasa warkewa da wuri. Wadda ta ɗora leza a kan irin wannan fata tana iya faɗawa cikin abin da Hausawa ke cewa garin neman gira a rasa ido.

Tabon da bai kamata a ƙona ba

Matsala ta biyu ta fi ta farko girma. Idan likita ya yanke tawadar Allah da wuƙar tiyata, yana da naman da zai aika ɗakin gwaji a duba shi da madubin likita, a gane ko lafiyayye ne ko ciwon daji. Leza ba ta barin komai. Tana ƙone shaidar tare da tabon. Idan abin da aka ƙona farkon sankarar fata ne, wadda likitoci ke kira melanoma, to an share samanta ne kawai, saiwarta na nan tana tafiya a ɓoye zuwa kaluluwa da hanta da huhu. Saboda haka ƙa'idar likitocin fata a ko'ina ita ce kada a harba leza a kan baƙin tabon da ba a tantance ba.

Da yawa daga cikinmu na ɗauka cewa ciwon dajin fata na Turawa ne. Gaskiya ne ya fi yawa a cikinsu, domin melanin na kare mu daga zafin rana. Amma akwai nau'in da bai damu da rana ba, kuma shi ya fi kama baƙar fata. Yana fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Shi ya kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, bayan an gano shi a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa a 1977, inda da farko aka ɗauka raunin ƙwallo ne. Wani nazari da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka wallafa a 2004 ya nuna cewa melanoma ce ta biyu a yawa cikin cututtukan dajin fata da aka auna a asibitin, kuma ƙafa ce wurin da irin waɗannan cututtuka suka fi fitowa.

Lokaci ne ke yanke hukunci a wannan cuta. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan aka gano melanoma tana wuri ɗaya, kusan 99 cikin 100 na masu ita suna raye bayan shekara biyar. Idan ta bazu zuwa sassan jiki masu nisa, adadin yana faɗuwa zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku. A can ɗin ma, baƙaƙen fata da suka kamu da ita sun fi fuskantar haɗarin mutuwa, kuma babban dalili shi ne ba a gano tasu da wuri.

Alamomin da ake dubawa ba su buƙatar na'ura. Tabon da ɓangarensa ɗaya bai yi kama da ɗayan ba, wanda bakinsa ba a daidaice yake ba, mai launi fiye da ɗaya, wanda faɗinsa ya wuce milimita 6, ko wanda ke sauya kama, yana ƙaiƙayi ko zubar da jini, duk abin tuhuma ne. Haka baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi, da mikin tafin ƙafa da ya ƙi warkewa. Tsohon gyambo da tsohon tabon ƙuna ma suna iya rikiɗewa su zama wani nau'in ciwon daji bayan shekaru.

Idan tabon ya fito a Tabanni

A ɗauki misalin manomi a gabashin Birnin Gwari da ya ga baƙin tabo a dunduniyarsa. Zai fara ɗauka ƙaya ce, ko faso, ko tawadar Allah. Sunan ma da kansa yana kwantar da hankali, domin abin da aka ce Allah ne ya ɗiga, ba a cika tuhumarsa ba. Idan abin ya dame shi, wanzami ne mafi kusa. Wanzami ya buɗe zabira, ya kankare, ya sa magani. Idan ya dawo, sai a je kemis a sayi maganin shafawa da ƙwayoyi. Idan ya fashe ya fara wari, sai a fara maganar sammu ko an taka wani abu. Kafin a yi tunanin asibiti, watanni sun wuce, wani lokaci shekara.

Ba a ɗora wa manomin laifi ba, ba a kuma ɗora wa wanzamin. Wanzanci tsohuwar sana'a ce da ta tsaya wa al'umma a lokacin da babu kowa. Amma askar wanzami da lezar birni kuskure ɗaya suke yi idan tabon mugu ne, wato su cire abin da ido ke gani, su jefar da naman da ya kamata a auna.

Ga kuma halin da yankin ya shiga. Shekaru da dama hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da ta Birnin Gwari zuwa Funtuwa suna cikin hanyoyin da aka fi tsoro a Nijeriya. 'Yan bindiga sun mamaye dazuzzukan Kamuku da Kuduru, ƙungiyar Ansaru ta kafa sansani a gabashin masarautar, har ƙungiyar ci gaban masarautar ta koka a 2022 cewa an hana harkokin siyasa a wasu garuruwan. A ƙarshen 2021 an katse layukan waya a yankin na tsawon makonni. A irin wannan hali, ma'aikacin lafiya ba ya zama a ƙauye, majinyaci kuma ba ya hawa mota saboda tabon da ba ya masa ciwo. Wanda ke lissafin kuɗin fansa ba zai yi lissafin kuɗin gwajin nama ba.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024, Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, aka sake buɗe kasuwar kara da ta yi kimanin shekara goma a rufe. Ana iya saɓani kan sulhun da kan ɗorewarsa, kuma ana yi. Abin da ba a saɓani a kai shi ne hanya idan ta buɗe, ɗan kasuwa ya fi ma'aikacin gwamnati saurin bin ta. Mai tallar man goge tabo da mai maganin da ke warkar da cuta arba'in za su riga likita isa kasuwar ƙauye. Yarinyar da ke Tabanni mai riƙe da waya tana ganin bidiyon da ta Kaduna ke gani. Ba ta da kuɗin leza, amma akwai mai sayar mata da ruwan magani mai ƙuna a ƙaramar kwalba da alƙawarin sakamako iri ɗaya.

Idan kuma an yi sa'a wani ya tuhumi tabon, matakin farko shi ne babban asibitin garin Birnin Gwari. Auna nama da maganin ciwon daji kuwa aikin manyan asibitoci ne irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Barau Dikko a Kaduna. Kowane mataki kuɗin mota ne, da masauki, da kwanakin da aka bar gona. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda asibitin Shika na cikin cibiyoyinsa na farko, ya fara ne da cutar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Mai ciwon dajin fata bai shiga wancan lissafin farko ba. Waɗanda suka fi kowa jin wannan su ne zabiya, waɗanda rana ke cin fatarsu tun suna yara, alhali a ƙauye babu sana'ar da ba a rana ake yin ta ba.

Wa ke sa ido a kan na'urar?

A kan takarda, hukumomi ba su yi kaɗan ba. NAFDAC ce ke da alhakin rajistar mayuka da na'urorin lafiya. Majalisar kula da likitoci ta ƙasa ce ke ba likita lasisi ta kuma hukunta shi. Jihohi ne ke rajistar asibitoci masu zaman kansu, kamar yadda hukumar PHIMA ke yi a Kano, inda ta sha rufe wuraren da ba su cika ƙa'ida ba. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ma ta taɓa rufe wani asibitin gyaran jiki a Lekki ta Legas a 2020, bayan ƙorafe-ƙorafen waɗanda aka yi wa aiki.

Matsalar ita ce shagon gyaran jiki yana faɗawa tsakanin waɗannan hukumomi. Mai shagon ba likita ba ce, don haka majalisar likitoci ba ta da lasisin da za ta ƙwace. Shagon bai kira kansa asibiti ba, don haka yana iya zama ba tare da mai duba asibitoci ya taka ƙofarsa ba. Na'urar kuwa ana iya sayenta ta intanet, a koyi kunna ta a kwas na 'yan kwanaki. Kunna na'ura ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne sanin tabon da ba a taɓawa, kuma wannan ilimi ne na shekaru.

Ba Nijeriya kaɗai ke da wannan matsala ba. Ingila ma sai a dokar lafiya ta 2022 ta ba gwamnati ikon kafa tsarin lasisi ga masu irin wannan aiki. Bambancin shi ne wanda aka ƙona a can yana da likitan fata da kotu a kusa. A nan likitocin fata ƙalilan ne, mafi yawansu a asibitocin koyarwa na manyan birane, kuma a 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata.

Gwamnati ta san da matsalar fata. A watan Fabrairun 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa na lafiya, tana kafa hujja da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da ke cewa mata 77 cikin 100 a Nijeriya na amfani da mayukan ƙara haske. A watan Mayun 2025 kuma babban taron hukumar a Janeba ya amince da ƙudurin da ya sanya cututtukan fata cikin manyan al'amuran lafiyar jama'a, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka mara masa baya. Sa hannu a Janeba abu ne mai sauƙi. Ma'aunin gaskiyarsa shi ne abin da ya sauya a asibitin mazaɓa.

Abin da ya kamata matasa su nema

Kuskure ne a ce mafita ita ce a kai leza Birnin Gwari. Na'ura mai tsada a inda babu tsayayyar wuta da mai gyara da ƙwararren da zai riƙe ta, hoton ranar ƙaddamarwa kawai za ta samar. Mun ga isassun irin waɗannan ayyukan mazaɓa a lulluɓe da leda. Abin da ake buƙata ya fi haka arha.

Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma manufar gwamnatocinta tun zamanin Nasir El-Rufai ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya guda mai aiki. Tabanni na cikin wannan lissafi. Tun 2014 Nijeriya ke da manufar miƙa wasu ayyukan likita ga ƙananan ma'aikatan lafiya inda babu likita. Koya wa ma'aikacin cibiyar mazaɓa ya ce wa majinyaci ya cire takalmi, ya duba tafin ƙafa da farce, ya san alamomin da aka lissafa a sama, horo ne na kwanaki. Idan akwai layin waya, zai iya ɗaukar hoton tabon da izinin mai shi, ya tura wa likitan fata a Shika ko Kaduna, a ce masa wannan a ƙyale, wannan a turo. Wannan zai rage tafiyar banza, ya kuma gaggauta tafiyar dole.

Wanzamai ma ya kamata a ja su a jiki, kamar yadda aka ja ungozomomi a harkar haihuwa. Sarkin aska na gari ya fi kowace sanarwar rediyo kaiwa ga mutanensa. Idan wanzami ya san baƙin tabon tafin ƙafa ba na aska ba ne, shi zai fara cewa a tafi asibiti. Masarautar Birnin Gwari, ƙarƙashin Sarki Malam Zubair Jibril Mai Gwari na Biyu, tana da hakimai da dagatai da za su iya isar da wannan saƙo ba tare da an jira kasafin kuɗi ba.

A birni kuwa, majalisun jihohin Kaduna da Kano na da ikon yin doka mai sauƙi. Duk wurin da ke harba leza a jikin mutum ya yi rajista a matsayin cibiyar lafiya, da sunan likitan da ke ɗauke da alhakinsa a manne a bango. Kada a ƙona baƙin tabo sai likita ya duba ya rubuta. Wanda aka yi wa illa ya san ofishin da zai kai ƙara. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha kuma ta fayyace wa masu rajista ko kuɗin auna nama na cikin abin da take biya, domin a nan ne talaka ke juyawa ya koma gida.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma 'yan takara za su bi hanyar Birnin Gwari da aka buɗe suna ɗaukar hoto a kasuwa. Matashin da ya samu damar tambaya yana iya tambayar ma'aikata nawa ke kwana a cibiyar lafiya ta mazaɓarsa, yaushe aka yi masu horo na ƙarshe, kuma ina ake kai nama idan an yanka. Kafin a samu amsa, akwai abin da kowa zai iya yi a gidansa yau. A duba tafin ƙafar iyaye da kakanni, musamman masu zuwa gona. Wadda kuma ta riga ta biya kuɗin leza, ta tambayi mai riƙe da na'urar wane likita ne ya duba tabon kafin ta kwanta. Idan babu amsa, ta ɗauki jakarta ta nemi asibiti.